Sifili, Bakwai, Takwas

Ranar da muka buɗe adakar Baba,
bayan sadakar arba'in,
ba mu sami kuɗi ba.
Carbi biyu, rasiɗin riɗi, makullin da ba ya buɗe komai,
sai wani ɗan littafi da gara ta ci gefensa
ta bar tsakiya.

Lambobi ne, da shuɗin biro.
Kowane mutum da garinsa a goshi:
sifili shida huɗu, Alhaji Barau na Dawanau;
sifili bakwai takwas, Ilu na gidan waya, Haɗeja;
sifili ɗaya, wani Bayarabe a Ikko
da Baba bai sa sunansa ba,
ya rubuta "mai cika alkawari" kawai.

A lokacin ƙauyenmu ba shi da waya.
Turakun sun bi hanyarsu sun wuce mu,
hankaki kaɗai ke cin moriyarsu.
In Baba zai ji kuɗin buhu
sai ya ɗaure ƙafar wando tun assalatu,
ya taka keke har Haɗeja,
ya bi layi bayan malamin asibiti da dillalin fata.
Ilu ya sa yatsa a rami, ya juya,
ƙarrr, ta koma,
ya sake juyawa.
Minti uku.
Baba na ɗaga murya kamar mai kiran ɗan fito daga hayin kogi,
rabin kuɗin ya tafi a gaisuwa,
don ba a tambayar farashi
kafin a tambayi iyali.

Da aka yanke Jigawa daga Kano
an sake tambarin ofis, an sake lambar mota,
amma waya ba ta ji sanarwa ba.
Dutse ta zama babban birni
tana amsa sallama da lambar Kano,
kamar ɗan da ya ware tukunya
yana ɗebo wuta a gidan uba.
Baba ya yi ta dariyar wannan har damina biyu.

Daga baya wayar ta soma rashin lafiya.
Yau ɓarayi sun kwashe tagulla,
gobe iska ta kwantar da turke a gonar wani,
aka yi dangar awaki da shi.
Ilu ya koma sayar da katin kira a ƙarƙashin lema.

Yanzu kowa da lambarsa a aljihu,
doguwa, sha ɗaya cur, ba ta da gari.
Da can wa zai buga waya ya ce kana ina?
Lambar ta riga ta faɗa.
Jiya na kira Talle kan bashin taki,
ya ce wallahi yana Gujungu, kasuwa ta riƙe shi,
ni kuwa ina hango hularsa a gindin durumi
yana gutsurar rogo.

Da daddare na ɗauki littafin na gwada ta Ilu.
Wata mata ta amsa da Turanci mai sanyi,
ta ce babu wannan lambar.
Na sake. Ta maimaita, ko gajiya ba ta yi.

Inna Hansai na ɓarar gyaɗa a bakin ƙofa.
Ba ta taɓa zama a aji ba,
ba ta taɓa ɗora kan wayar nan a kunne ba.
Ta ce, ka tsallake guda.
Ta karanto ta daga sifili har ƙarshe,
ba gargada.

Na ce, Inna, a ina?
Ta ce, shi ya biya mini ita, dare bakwai,
wai in ya kwana uku bai dawo ba
in aika a kira Ilu.

Ta hure ɓawon daga tafin hannunta.
Ta ce, kullum kuma sai ya dawo.