Tsumma a Taga

Tun ba a gama sussukar gero ba
Inna Hansai ke fara kirana:
"Sabi'u, gwiwata ta ce ɗari ya taso daga fadama."
Gwiwar nan ba ta taɓa yi mata ƙarya ba.

Sai in ɗauki kwando in gangara kududdufi,
in haƙo jar ƙasa,
in cuɗa ta da ƙaiƙayi da kashin jaki
har ta riƙa kama tafin ƙafa.
Gadon ƙasarta ya girme ni.
Mahaifina ya gina shi shekarar da ta tare,
da rami a ƙarƙashi, bakinsa kamar na tulu,
inda garwashi ke kwana.

Kowace damina takan bar masa tsaga.
Wata ido na gani.
Wata sai na kunna guntun kara a ramin,
na tsuguna,
na jira hayaƙi ya tona mata asiri.
Nan zan yaɓe, in goge da tsingaro,
kwana uku ba mai kai masa wuta.
Ɗanyen yaɓe in ya ji zafi, baki yake buɗewa.

Itace ma ba kowanne ba.
Marke ko kirya, wanda ya sha rana.
A tsakar gida ake hura shi,
ya gama tarinsa a waje,
sai ya yi jawur kamar nunannen gauta
kafin in kwasa a kasko in shigar.
Ban da leda. Ban da kalanzir.
A ja tabarma baya taku biyu,
a sauke zanin da ke lilo a igiya,
a cika tulun bakin ƙofa.

Duk wannan ba ma musu a kansa.
Musunmu a kan taga ne.

Wata 'yar kafa ce can sama,
ko kan akuya ba zai shiga ba.
Kullum da magariba ta cusa mata tsumma,
kullum bayan lisha in zare.
Ta ce ta nan sanyi ke zuwa ya ciji ƙashinta.
Na ce ta nan abin da ba shi da wari ke fita.

Na tuna mata Barau tela,
bara, a sabon ɗakinsa na kwano,
da ya kulle ƙofa a kan kaskon gawayi.
Ba gobara, ba hayaƙi, ko zare bai ƙone ba.
Da asuba matarsa ta jawo shi waje ta ƙafa,
kansa na sara, harshe ya yi nauyi,
a amalanke aka kai shi titin Jahun.
Ya tashi, amma har yau
ko da rana ba ya rufe taga.

Inna ta taɓe baki.
"Kabari ma ba shi da taga," in ji ta.
Na ce, "Shi ya sa ba na gaggawar kai ki."
Ta jefe ni da mafici. Bai same ni ba.

Daren jiya ɗari ya kai inda ya kai,
har karnuka sun yi shiru.
Na fito da fitila wajen ƙarfe biyu,
na tura ƙyaurenta a hankali,
na barbaɗa toka a kan garwashin,
na tsaya ina ƙirga numfashinta.
Ɗaya. Biyu. Munsharinta na nan.

Na ɗaga fitila sama.
Kafar a buɗe,
tauraro guda ya leƙo ta ciki.
Tsumman kuwa na gan shi
naɗe da ƙafafun 'yata Ladiyo,
wadda ta sulale daga ɗakinmu
ta zo ta lafe a bayan kakarta.

Da safe ban ce komai ba.
Ita ma ta ce kokon ya yi tsami.