Dodon Hoto

A Valparaiso, can saman tudu,
inda gidaje ke hawa bayan juna kamar awaki,
Don Eleuterio yana da shago.
Kyamara goma sha ɗaya a bayan gilashi,
uku ne kaɗai ke aiki.
Sauran, in ji shi, hutawa suke.

Ina 'yar sha huɗu na shiga tambayar farashi,
ko sisi babu a aljihuna.
Ya dube ni ta saman tabarau,
ya miƙo mini tsintsiya.

Bayan labule akwai wani ɗaki, da can makewayi ne,
an toshe tagar da bargo da ƙusa.
Jan ƙwai guda. Faranti uku.
Wari mai tsami da ke bin mutum har gida.
Ya ce, "Nelida, ajiye idonki a ƙofa,
a nan yatsa ke gani."
Na koyi naɗa fim a baƙin duhu,
ina ƙirga numfashi don ba agogo.

Ranar da na fara ganin fuska
tana tasowa daga farar takarda a ƙasan ruwa,
gira tukuna, sai hula,
sai haƙori ɗaya tilo na wani masunci,
na ƙwalla ihu.
Ya ce, "Sannu-sannu, kar ki firgita shi ya koma."

Shekarar da jirgi bai kawo sinadari ba
da gahawa muka yi wanki, da sodar wanke kaya.
'Yan ƙwallon unguwa suka fito ja-ja-ja
kamar burodin da ya daɗe a wuta,
suka ƙi biya.
Muka manna su a bango, ya ce sun fi kyau a haka.

Wani dare ya shimfiɗa ƙayar kifi a kan takarda
da gashin tsuntsun teku,
ya kunna fitila, ya ƙirga uku, ya kashe.
Ba kyamara, ba komai,
ga kifi yana iyo da fiffike.
Ruwan teku ma ya gwada,
gishiri ya cinye rabin gemun wani matuƙi.
Wannan kam mun sha zagi.

Yakan ɗaga dodon hotonsa ga hasken taga
yana dariya har da tari:
"Duba, a nan kaɗai
nake da baƙin gashi."

Yanzu rigunan waya ake sayarwa a shagon.
Na leƙa sau ɗaya, an cire labulen,
ɗakin ya yi haske fayau, ya ƙanƙance.

Da ya rasu, jikarsa Clorinda ta kawo mini kwat ɗinsa.
A aljihun ciki akwai fim, naɗaɗɗe,
takardar jikinsa ta koɗe.
Na toshe tagar kicin, na dafa gahawa.

Gida goma sha biyu.
Sha ɗaya haske ya riga ni, baƙi ƙirin.
A na ƙarshe, wata yarinya ta ba da baya,
tsintsiya a hannu, wuyanta ya karkata
wajen kyamarorin da ke hutawa.

Ban buga shi a takarda ba.
Nakan ɗaga shi ga taga da hantsi.
Kanta fari fat,
kamar nawa yau.