Ƙusar Tagulla

A Dalcahue ruwa ba ya neman izini.
Tun sassafe yake dukan rufin shago.
Na kunna fitila, na kunna inji,
na kwantar da katako, na ɗaure shi kusurwa huɗu
kamar majinyacin da za a yi wa aiki.

Haƙarƙarin jirgin babana ne.
Shekara arba'in yana shan gishiri,
yana kai dankali da tumaki tsibiri-tsibiri,
har ya gaji, aka ja shi tudu ya kwanta.
Na yanko daga inda ruɓa bai kai ba.

Dare uku ina zane a kwamfuta:
zurfi milimita ashirin da biyu,
ɗakin zobba, ɗakin 'yan kunne,
doguwar kwata inda sarƙa za ta miƙe ƙafa.
Na Rayén ne, ɗiyar ƙanwata,
mai ajiye azurfar kakarta a gwangwanin shayi.

Baba Eliodoro na gefen murhu,
hannuwansa na rawa a kan gwiwa
kamar suna cigiyar gizagon da aka rataye.
Ya ce: Abin nan naki ba shi da kunne.
Na ce: Yana da lissafi.
Ya yi tsaki, ya gyara hula.

Haƙorin inji ya sauka.
Kuka ya tashi siriri, zanzaro a cikin tulu,
gari na feshi ja-ja,
shago ya cika da ƙamshin tsohuwar teku.
Zagaye ɗaya, zagaye biyu, yana nutsewa taki-taki,
ba gaggawa, ba hutu,
abin da na faɗa masa da dare yake biyawa
harafi da harafi.

Sai baba ya ɗaga yatsa.
Tsaya, in ji shi. Murya ta sauya.
Ni ban ji komai ba.
Na dubi allo, lambobi lafiya lau.
Kafin hannuna ya kai ga jan maɓalli,
ƙas!
Rabin haƙori ya yi tsalle ya daki bango.

Shiru. Sai ruwa.

Ƙusa ce ta tagulla, binne a tsokar itace,
kanta ya daɗe da gutsurewa.
Ya karɓi filaya, na riƙe masa wuyan hannu,
mu biyu muka zaro ta, a lanƙwashe kamar ƙugiya.
Ya juya ta a tafinsa ya daɗe.
Ya ce: Ni na buga ta.
Ranar da aka haifi ƙanwarki,
yaro ya zo da gudu yana kirana,
na sake mata guduma a karkace na bi shi.
Na ce gobe zan gyara.

Kuɗin haƙorin ya kai cefanen sati.
Ban gaya masa ba.

Na ɗaura sabo, na sake neman sifili,
na nuna wa inji inda duniya ta fara,
ya ci gaba kamar ba shi ya yi ɓarna ba.
Ramin ƙusar ya faɗo a ɗakin zobba,
baƙi, da tsanwa a bakinsa.
Na kwaɓa gari da gam zan toshe.
Ya ce: Bar shi.

A murfi inji ya zana igiyar ruwa uku,
kowace da 'yar'uwarta kamar an tsaga kara.
Gefunan kuwa baba na miƙa wa,
da samfefa da kakin zuma.
Ashe rawar hannun nan ta dace da shafa.
Har magariba yana yi,
kaifi ya kwanta, katako ya yi sulɓi
kamar dutsen da ruwa ya daɗe yana lasa.

Rayén za ta ƙetaro ran Lahadi, jirgin ƙarfe tara.
Akwatin na kan kanta, a rufe.
In ka girgiza shi za ka ji ƙwal-ƙwal,
wata ta riga azurfa shiga ɗaki.

Yau da safe zan fara allon sunan wani kanti,
na tarar an jawo kujera daga murhu
zuwa taku biyu da inji.
Yana zaune, hula a gwiwa,
ya karkato kunnen da ke ji.
Ya ce: To, kunna mana.