Wuri Ya Cika

Tun watan azumi take mini gardama.
In na ce buɗe, sai ta tsaya tana nazari
kamar wanda aka tuna wa tsohon bashi.
Bayanta ya ɗago, ya yi tozo.
Caji kuwa, daga Mabera zuwa Gawon Nama
ya tsiyaye kamar ruwa a kwando.

Na naɗe kuɗin albasa a aljihun ciki,
na ce yau sai sabuwa,
mai ido huɗu a ƙeya irin ta Ladan.

Rumfar Sahabi taku uku ce in ka matse.
Fanka ɗaya tana kwasar zafi daga wannan kusurwa
tana kai wa waccan.
Warin dalma, fasassun gilasai a kwalin madara,
wayoyi goma kwance, cikinsu a buɗe,
kowace da sunan mai ita a 'yar takarda.

Ya juya tawa, ya latsa tozon da babban yatsa.
"Wagga ba ta mutu ba, Baba. Batir na ya kumbura.
Ina kaka aje ta in kana kasuwa?"
Na ce bisa buhu.
"Cikin rana?"
Na yi shiru.
"Ranar Sakkwato ko jaki neman inuwa yakai.
Kuma cajar ga ta ɗari biyar, jefa ta rijiya."

Na ce ni dai sabuwa na zo saye.
Ya yi dariya, bai ɗago ba.
"In za ka saye, kar ka ƙirga idanu.
Biyu daga ciki ado ne, ba su gani.
Tambayi batir, tambayi girman ciki,
tambayi ko akwai gilashinta a garin ga in ta faɗi.
Ta hannu kuma, sai da kwali da rasit,
kar a zo har gida a ce ta wani ce.
Amma kai ba sabuwa kaka bukata ba.
Wuri ya cika. Sai an rage kaya."

Muka fara ragewa.
Hoton buhuna ɗari biyu, duk kamarsu ɗaya: goge.
Gaisuwar Juma'a mai furanni, shekara uku: goge.
Bidiyon wani rago da ya tunkuyi mai babur,
na ce dakata in sake gani.
Goge.

Sai yatsansa ya tsaya.
"Saƙon murya, ɗari huɗu da sha ɗaya,
duk daga lamba guda. Haliru Illela.
Su ne suka danne ta."

Kafin in yi magana ya taɓa ɗaya.
"Yaya, mota ta taso, buhu sittin,
ka ce wa Kulu ta aje min tuwo."
Da tarin nan nasa a ƙarshe,
da hon ɗin tirela a bayansa.

Damina biyu ke nan da muka kai shi.
Tuwon ranar, Kulu ba ta bari an taɓa ba.

Fankar ta juyo, ta koma.
Sahabi ya aje abin kwance noti.
Bai ce Allah ya jiƙansa da ƙarfi ba,
a hankali ya faɗa, kamar mai gudun tada barci.
Ya jawo aljihun tebur,
ya fito da wani abu da bai kai farcen yaro ba.
"Memori. Mai kyau, ba na bakin titi ba.
Nan za mu maishe shi.
In ka koma gida, ɗiyarka ta kwafa a kwamfuta,
abin da ke wuri ɗaya bai da tabbas."

Muka zauna muna kallon wani layi kore
yana rarrafe daga hagu zuwa dama.
Minti goma sha bakwai.
Ƙanena yana ƙaura, ni ina riƙe da hula.

Batir dubu shida, memori huɗu.
Kuɗin hannu ya ce in bari sai albasa ta yi daraja.
Sauran kuɗin suka koma Mabera yadda suka zo.

Yanzu in na ce buɗe, tana buɗewa.
Na ɗinka mata 'yar jaka, tana kwana a inuwa.
Ladan har yau yana mini dariyar ido ɗaya.
Ɗazu bayan isha'i na saurari na tamanin da uku:
farashi kawai yake faɗi,
na wata shekara da buhu bai kai haka ba.