Kukan da Aka Ji a Gaɓar Yauri

Ranar da aka harbe dorinar
na ci naman, ba zan ɓoye ba.
Tsoka biyu Kulu ta ɗora mini a kan tuwo,
tuwon 'yar shinkafar da ta rage
bayan dorinar ta kwana uku a fadamata.

Ita ta kifar da kwalekwalen Nomau bara.
Sai a Zamare muka tsamo shi, kifaye sun riga mu.
To wa zai ce kada in ci?

Malam Gado ya ce halal ce, dabbar ruwa ce,
mai cutarwa kuwa ba a bar masa rai.
Ma'aikacin gandun daji ya zo da takarda,
ya ce laifi ne, dabbar hukuma ce,
ya koma da cinya ɗaure a bayan babur.
Tsoho Kakale na gungu ko tukunyar bai kalla ba,
wai akwai amana tsakaninta da kakanninsa
tun kafin ruwan Kainji ya ci garuruwansu.
Na ce ashe daidai ma kamar kuɗin kifi yake,
kowace kasuwa da nata.

Da dare sai kukan ya fara.
Ɗanta ne, bai fi maraƙi ba,
yana zagaya inda jinin ya bushe a yashi,
yana cusa hanci cikin sawun uwarsa.
Kulu ta tashi zaune, ta dafe ƙirji,
ta ce haka 'yar Nomau ta yi ta yi a bakin ruwa.

Malam ya ji. Kakale ya ji.
Maharbin ma, an ce, fita ya yi ya zauna a waje.
Ba wanda ya tsaya duba littafi
kafin barci ya ƙaurace masa.

Ban ce na gane ba.
Gobe in wata ta shigo fadamata
zan buga gwangwani, zan aika a kira maharbi,
'ya'yana ba za su ci tausayi su ƙoshi ba.
Sai dai kukan nan ya haye kogin ba jirgi,
mutanen ƙetare sun ji abin da muka ji.

Da asuba na yanko burgu, na kai masa dami guda.
Ya shinshina, ya kau da kai.
Nono yake nema.