Jakar Cefanen Nermin

Shekara talatin da takwas
ban san kuɗin albasa ba.
Nermin ke fita da jakar saƙi ran Laraba,
ni ina tuƙa jirgin fito a bakin tekun Izmir,
in dawo da dare in tarar tukunya na ta surutu.

Da ta rasu, jakar na rataye bayan ƙofa.
Wata biyu ban iya taɓa ta ba.

Sai na faɗa babban kanti mai sanyin na'ura,
inda tumatir ke kwance shida-shida cikin leda,
duk ja wur, duk sumul,
kamar uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya.
Na ce a raina, mace irin Nermin
ai ba da na banza ta ciyar da ni ba.
Na miƙa hannu ga mafi tsada:
shinkafa mai rubutun zinariya a buhu,
gishiri ruwan hoda daga wani dutse mai nisa,
sabulun da sunansa ya fi ƙarfin harshena.
Yarinyar kanti ta faɗi jimla,
na ji fanshona ya yi tari a aljihu.

Na yanka, na soya, na jira.
Miya ta fito gwanin kyau.
A baki kuwa, lami.
Ruwa ne kawai ya sa jar riga.

Laraba ta zagayo, na sauke jakar.
Hulusi mai tumatir ya gane ta kafin ya gane ni.
Ya cire hula, ya yi shiru.
Na kai hannu ga tsibin gaba mai ƙyalli,
ya ture hannun kamar na yaro,
ya jawo akwati daga ƙarƙashin tebur:
masu tsaguwa, masu ƙusumbi,
wani har da tabo a goshi.
"Waɗannan take saye, bayan la'asar, rabin kuɗi.
Ba ta tambayar ido, hanci take tambaya.
Rana ce ta fasa su.
Abin da ya nuna a jikin uwarsa
ba ya jure doguwar tafiya,
shi ya sa kanti ba ya son sa."

Na ce, "Ashe sirrin a araha yake!"

Müzeyyen mai man zaitun ta tuntsire da dariya
har ɗankwalinta ya zame.
"Sannu, direba. A nan ba ta taɓa neman ragi ba.
Na matsar farko take ɗauka, mai ɗaci a maƙogwaro,
ta biya tana ƙunƙuni, ta dawo wani wata."

Nan na tuna takalmin aikina,
wata uku tana tari kafin ta sayo shi,
ya ci damina goma sha ɗaya bai sha ruwa ba.
Na tuna laimar da na sayo da kaina a tasha,
kuɗin kofin shayi biyu,
iskar farko ta mai da ita ƙwarya.

To, ina ma'aunin?
Takardar farashi lamba kawai ta iya,
ba ta taɓa ɗanɗana miya ba.
Nermin ta san inda kuɗi ke aiki
da inda yake zaman banza ya sa kwat.
Ba ta rubuta ba.
Ni kuma ban tambaya ba, ci kawai na iya.

Daren nan na dafa munanan tumatir
da mai mai tsada,
da gishirin talakawa fari fat.
Ƙamshi ya haura bene, maƙwabciya ta leƙo.
Na ɗanɗana.
Saura ƙiris.

Ruwan hodan nan yana kan kanta,
ina jiran sanyi in watsa shi a matakala.
Jakar ta koma bayan ƙofa,
yatsuna na warin ganyen tumatir,
ban wanke su ba tukuna.