Shekarar da Manhaja Ta Haɗiye

A Corral ruwan sama ba ya sallama,
shigowa kawai yake kamar ɗan gida.
Goggo Herminia na gefen murhun itace,
da yatsu biyu take dukan madannai
kamar kaza na tsintar hatsi.

Ni na ce mata ta rubuta, kar ta damu.
Tauraro gaba da baya, kalma ta karkace.
Biyu-biyu, ta yi kauri.
Saura aikin manhajata ne,
ita ke mai da rubutu zalla shafin intanet.
Ni na gina ta, layi ɗari tara,
har ina ɗaga kafaɗa.

Sati uku tana rubutu. Ran Laraba ta kira ni,
ta nuna allo da bakin cokali:
"Eliseo, ina shekarata?"

Ita ta rubuta: 1960. Teku ta ja da baya, muka ga cikinta.
Shafi ya ce: 1. Teku ta ja da baya.
Manhaja ta ga lamba, ta ga ɗigo,
ta ɗauka jerin cefane ne.
Ta haɗiye shekarar, ta bar ɗaya
tana jiran biyu da uku.

Can ƙasa akwai sunaye goma sha ɗaya,
kowanne ta ba shi layinsa.
Manhaja ta cure su dunƙule guda,
Nicanor ya hau kan Eduvina,
Eduvina ta shige cikin ɗan jaririnta.
Na ce, Goggo, doka ce,
sai kin bar gurbi biyu a ƙarshen layi.
Ta ce, "Abin da ido ba ya gani, da me zan ƙirga shi?
Ruwa ya riga ya haɗa su sau ɗaya.
Ba sai ka maimaita ba."

Daren nan ban runtsa ba.
Na gyara lambar, sai farashin kifi
na ƙungiyar masunta ya wargaje.
Garin neman gira ina shirin rasa ido.
Na koma baya. Na rubuta gwaji arba'in,
kowanne da irin rubutun mutanen garin nan:
na malamar makaranta, na mai jirgin fito,
na Goggo, wadda ba ta taɓa jin sunan doka ba
kuma ba laifinta ba ne.

Ƙarfe uku na koya wa manhaja kunya.
Lamba ba jeri ba ce sai ta ga 'yar'uwarta a ƙasa.
In ma jeri ce, a bar ta da adadinta.
Inda hannu ya yanke layi, nan layi zai tsaya.

Sai taurari.
Ta sa ɗaya gefen Nicanor, ɗaya gefen Baldomero,
su ne waɗanda ba a tsinci gawarsu ba.
Manhaja ta ɗaura wa taurarin aure,
ta karkatar da duk wanda ke tsakani,
su kuma ta ɓatar da su.
Wannan ya ci min awa biyu da shayi uku
kafin ta yarda cewa tauraro mai gurbi dama da hagu
ba ya neman kowa.
A bar shi tsaye.

Da safe ruwa bai ɗauke ba.
Goggo ta sa tabarau, ta ɗora yatsa kan allo,
tana sauka suna bayan suna,
leɓɓanta na motsi, ba murya.
A na bakwai ta daɗe.

Ta ce, "Llancapán akwai ɗan tsinke a kan wasalin ƙarshe.
Wannan ni na manta."
Ta gyara da yatsa ɗaya.
Sannan ta ce itace ya ƙare,
in je in faso.